Tsakanin Fari Da Ambaliya: Abin Da Binciken Jami'o'i Ke Faɗa Kan Makomar Ruwa A Arewa

A daren 9 zuwa wayewar garin 10 ga Satumbar 2024 ne madatsar ruwa ta Alau, wadda aka gina a kan kogin Ngadda a shekarun 1980, ta ɓalle bayan ta cika ta batse. Kafin rana ta take, ruwa ya shanye babban ɓangare na birnin Maiduguri, ya shiga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ya rushe katangar gidan gyaran hali, ya kuma saki namun dajin gidan ajiye dabbobi na Sanda Kyarimi cikin unguwanni. Alƙaluman hukumomin agaji sun nuna cewa sama da mutum 400,000 ne suka rasa matsuguni. Wata takwas da 'yan kwanaki bayan haka, a ƙarshen Mayun 2025, ruwan sama na dare ɗaya ya haddasa ambaliyar da ta kashe fiye da mutum 150 a garin Mokwa na Jihar Neja.

Dattijan da suka ga waɗannan masifu su ne waɗanda a ƙuruciyarsu suka ga farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984, lokacin da rijiyoyi suka ƙafe, dabbobi suka yi ta faɗuwa, hatsi ya gagari talaka. Cikin rayuwar mutum ɗaya, yankin ya tashi daga kukan rashin ruwa zuwa kukan yawansa. Tambayar da ke gaban manomi da injiniya da gwamna ita ce: wanne za a shirya wa a shekaru talatin masu zuwa, fari ko ambaliya?

Wannan tambaya ce masana kimiyyar ruwa da yanayi a jami'o'in Najeriya da Nijar da Turai da Amurka suka shafe kusan rabin ƙarni suna nazari a kai. Abin da suka gano ya isa ya sauya yadda ake gina madatsu da kwalbatoci da gadoji, da yadda ake sakin ruwa ga manoman rani. Sai dai har yanzu akwai tazara mai nisa tsakanin ɗakin bincike da teburin da ake yanke shawara.

Yadda ake kwaikwayon yanayi

Abin da masana ke kira kwaikwayon yanayi, lissafi ne mai tarin yawa da ake ɗora wa manyan kwamfutoci. Ana yanyanka sararin samaniya da tekuna da doron ƙasa zuwa ƙananan akwatuna, a kowane akwati kuma kwamfuta na lissafa zafi da danshi da gudun iska da samuwar gajimare, bisa dokokin kimiyyar da aka tabbatar, sannan ta matsa gaba da 'yan mintuna ta sake lissafi, haka dai har ta kai shekaru ɗari. Ana gwada ingancin kowane samfuri ta hanyar sa shi ya maimaita yanayin shekarun da suka wuce. In ya dace da abin da ma'aunai suka rubuta, sai a ƙara yarda da abin da zai faɗa kan gaba. Syukuro Manabe da Klaus Hasselmann, waɗanda suka aza harsashin wannan fanni, sun samu lambar yabo ta Nobel a 2021.

Samfurin ruwa kuwa yana karɓar ruwan saman da aka auna ko aka yi hasashe, ya lissafa nawa ƙasa za ta shanye, nawa zai tashi sama saboda zafi, nawa zai gangara rafi, da kuma ranar da zai isa wata gada ko madatsa. In aka haɗa su biyun, ana iya tambaya: idan duniya ta ƙara zafi da digiri biyu, wane irin ruwa kogin Haɗeja zai riƙa kawowa a watan Agusta?

Matsalar ita ce girman akwatunan. A yawancin samfuran da ke lissafa duniya baki ɗaya, kowane akwati yana da kimanin kilomita 100 a kowane gefe, alhali hadarin da ke kawo ruwa a yankin Sahel yana haɗuwa ne daga gajimaren da bai kai wannan girma ba a farkonsa. Duk manomi ya san ana iya tafka ruwa a wannan ƙauye, maƙwabcinsa kuma ko ɗigo bai samu ba. Kwamfutar da ba ta ganin irin wannan hadari ƙiyasinsa take yi, kuma daga ƙiyasin nan ne saɓani yake shigowa.

Darasin farin shekarun 1970 da 1980

Farin Sahel shi ne jarrabawar farko da wannan kimiyya ta fuskanta a Afirka. Ruwan sama ya ragu da kimanin kashi 30 cikin ɗari idan aka kwatanta da damunonin albarka na shekarun 1950. A 1975, Jule Charney na Cibiyar Fasaha ta Massachusetts a Amurka ya kawo bayanin cewa sare itatuwa da yawan kiwo sun tsiraita ƙasa, ƙasa mai haske kuma tana mayar da hasken rana sama, abin da ke danne haɗuwar hadari. Wannan bayani ya karɓu, ya kuma sa aka ɗora laifin fari a kan makiyayi da manomi da mai sayar da itace. Shirye-shiryen agaji da dama an gina su a kan wannan fahimta.

Daga baya hoton ya sauya. Masanan hukumar yanayi ta Birtaniya sun nuna a 1986 cewa ruwan Sahel yana bin bambancin zafi tsakanin tekunan arewacin duniya da na kudanci. A 2003, Alessandra Giannini ta Jami'ar Columbia da abokan aikinta suka ba wa samfuri tarihin zafin tekuna kaɗai, ba tare da sauya komai a doron ƙasa ba, sai ga shi ya fito da farin da aka gani a zahiri. Ƙarin bincike ya nuna cewa hayaƙin masana'antun Turai da Arewacin Amurka ya taimaka wajen sanyaya arewacin Tekun Atlantika a wancan zamani, ya kuma tura damina kudu.

Ma'anar wannan ita ce, babban dalilin yunwar da ta addabi Katsina da Maraɗi da Damagaram ya taso ne daga nesa. Lalacewar ƙasa matsala ce ta gaske, tana kuma tsananta illar fari, amma ba ita ce ta hana ruwa sauka ba. Kuskuren fahimta a ɗakin bincike ya zama kuskuren manufa a ƙasa, kuma gyara shi ya ɗauki kusan shekara talatin.

Inda masana suka saɓa, da inda suka haɗu

Kan jimillar ruwan da zai riƙa sauka nan gaba, an daɗe ana samun saɓani. A 2005, wani fitaccen samfuri na cibiyar bincike da ke Princeton a Amurka ya nuna cewa Sahel zai bushe matuƙa kafin ƙarshen wannan ƙarni, yayin da wani samfuri na Japan ya nuna akasin haka. A zagayen lissafi na baya-bayan nan, mafi yawan samfura sun karkata ga cewa ruwa zai ƙaru a tsakiya da gabashin Sahel, inda Arewacin Najeriya da Nijar da Chadi suke, ya kuma ragu a can yamma wajen Senegal. Amma girman ƙarin ya bambanta sosai daga samfuri zuwa samfuri.

Akwai abin da ba a saɓa a kansa ba, shi ne ƙarfin saukar ruwan. Dokar kimiyya ce cewa duk ƙarin zafi na digiri ɗaya yana ba iska damar ɗaukar ƙarin danshi na kimanin kashi 7 cikin ɗari. A 2017, Christopher Taylor na cibiyar nazarin muhalli da ruwa ta Birtaniya da abokan aikinsa suka wallafa nazarin hotunan tauraron ɗan Adam na shekara 35, wanda ya nuna cewa manyan hadura mafiya tsanani a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Sun danganta hakan da yadda hamadar Sahara ke ƙara zafi fiye da yankunan da ke kudu da ita, abin da ke ƙarfafa iskar da ke tsara hadari. Irin waɗannan manyan hadura ne ke kawo kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwan yankin.

Bayan haka, hukumar yanayi ta Birtaniya da jami'o'in da ke aiki da ita sun gudanar da wani kwaikwayo na nahiyar Afirka da akwatuna masu faɗin kilomita huɗu da rabi kacal, ƙanƙantar da ta ba kwamfuta damar ganin hadari kai tsaye. Sakamakon da aka wallafa a 2019 ya nuna cewa tsofaffin samfura suna rage girman haɗarin ta fuska biyu: ruwa mai ƙarfi zai fi yadda aka zata tsanani, kuma tsayawar ruwa a tsakiyar damina zai ƙara tsawo a yammaci da tsakiyar Afirka.

Wannan shi ne amsar tambayar farko: duka biyun za a shirya wa, wani lokaci ma a damina ɗaya. Gero na iya ƙonewa a Yuli saboda ruwa ya ɗauke na mako uku, sannan ambaliya ta kwashe abin da ya rage a ƙarshen Agusta. Jimillar ruwan shekara za ta iya fitowa daidai a takarda, rumbu kuma ya tashi babu komai.

Ƙungiyar masana ta World Weather Attribution, wadda ke bincika hannun ɗumamar duniya a kowace masifa, ta ƙiyasta cewa sauyin yanayi ya ninka yiwuwar irin ruwan da ya sauka a yankin Tafkin Chadi a daminar 2022 har kusan sau 80, ya kuma ƙara masa ƙarfi da kimanin kashi 20 cikin ɗari. A shekarar ce ambaliya ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya. Kan daminar 2024, wadda ta yi ɓarna a Borno da Chadi da Nijar, har ta rushe tsohon masallacin Damagaram mai tarihi, ƙungiyar ta ce ruwan ya ƙaru da kashi 5 zuwa 20 cikin ɗari saboda ɗumamar duniya. Abin lura shi ne, a duka rahotannin biyu masanan sun jaddada cewa gine-gine a kan hanyar ruwa, da rashin kula da madatsu, da talauci da rikici, su ne suka mayar da ruwan sama bala'i.

Mamakin Yamai

Ruwan sama rabin labari ne. Ragowar rabin yana ga ƙasar da ya sauka a kanta. A kewayen Yamai, masanan cibiyar bincike ta Faransa mai suna IRD tare da na Jami'ar Abdou Moumouni sun shafe shekaru suna auna rijiyoyi da tafkuna da koramu. Sun gano cewa ruwan ƙarƙashin ƙasa a kudu maso yammacin Nijar ya hau da kimanin mita 4 tsakanin 1963 da 2007, duk da cewa mafi yawan waɗannan shekaru na ƙarancin ruwan sama ne. Haka kuma koramun da ke zuba a kogin Kwara kusa da Yamai, irin su Sirba da Dargol, sun riƙa kawo ruwa fiye da dā.

Bayanin da suka bayar shi ne, da aka share daji aka mayar da shi gonaki, saman ƙasa ya taurare ya zama fako, ruwa ya daina nutsewa a inda ya sauka, sai ya gudu ya taru a tafkuna da kwazazzabai, daga can kuma ya tsiyaya zuwa ƙarƙashin ƙasa. Gona ta ƙara bushewa, rafi ya ƙara cika. Yanzu da ruwa mai ƙarfi ya dawo a kan irin wannan ƙasa, sakamakon shi ne ambaliyar da Yamai ta gani a 2012 da 2020 da 2024.

Darasin ga Najeriya a fili yake. Duk lissafin da aka yi na girman magudanar madatsa ko faɗin kwalbati bisa alƙaluman shekarun 1960 da 1970 ya tsufa ta hanya biyu, domin sama ta sauya, ƙasa ma ta sauya. Mafi yawan manyan madatsun Arewa kuwa a wancan zamani aka zana su, an kuma shafe shekaru yashi da laka suna cike cikinsu, suna rage abin da za su iya riƙewa.

A Borno labarin ruwan ƙarƙashin ƙasa daban ne. Binciken masanan Jami'ar Maiduguri da takwarorinsu na Birtaniya ya nuna cewa ruwan da ke cikin shimfiɗun ƙasa masu zurfi na yankin Chadi ya taru ne tun dubban shekaru, a wani zamani mai damshi, kuma ba ya sabuntawa da ruwan saman yau. Rijiyoyin burtsatsen da a dā ruwa ke fesowa daga cikinsu da kansa, ƙarfinsu ya yi ta raguwa. Saboda haka birnin da ambaliya ta ci a 2024 yana kuma cin jarin ruwan da ba zai dawo ba.

Haɗeja: binciken da aka yi, aka ajiye

Babu inda tazarar da ke tsakanin ilimi da aiki ta fito fili kamar kwarin Haɗeja da Jama'are da Komadugu-Yobe. An kammala madatsar Tiga a kan kogin Kano a 1974, ta Challawa kuma a 1992, su biyun suna riƙe da kusan kashi 80 cikin ɗari na ruwan da ke shiga kogin Haɗeja. Sun ba birnin Kano ruwan sha, sun kuma raya noman rani a Kadawa da Kura, inda ake samun shinkafa da alkama da tumatir. Amma a ƙasa da su akwai dausayin Haɗeja-Nguru, inda ambaliyar shekara-shekara ke ciyar da manoman fadama da masunta da makiyaya, tana kuma cika rijiyoyin ƙauyuka masu nisa. Kafin madatsu da fari, ruwa kan mamaye sama da murabba'in kilomita 2,000 a shekara mai kyau; a shekaru da dama na 1980 da farkon 1990 bai kai rabin haka ba.

Daga ƙarshen shekarun 1980, masana daga Kwalejin Jami'a ta Landan da Jami'ar Cambridge, tare da masanan Najeriya da ke aiki a shirin kare dausayin, suka gina samfurin ruwa na kwarin baki ɗaya, suka gwada abin da zai faru in aka kammala dukkan ayyukan ban ruwa da aka tsara, har da madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are. Masanin tattalin arziki Edward Barbier ya ɗora lissafin kuɗi a kan sakamakon. Abin da ya fito shi ne, amfanin da ake samu daga kowane ma'aunin ruwa a dausayin, in aka haɗa noma da kifi da itace, ya zarce na manyan ayyukan ban ruwa nesa ba kusa ba, kuma ribar faɗaɗa ban ruwa a sama ba za ta maye gurbin ko da kashi ɗaya cikin biyar na asarar da za a yi a ƙasa ba. Sun ba da shawarar a riƙa sakin ruwa daga madatsun a lokacin damina bisa tsari, don a kwaikwayi ambaliyar asali.

Ba a mayar da wannan shawara dokar tafiyar da madatsun ba. Aka ci gaba da sakin ruwa duk shekara, kogin da a dā yake ƙafewa da rani ya zama mai gudana kullum. A irin wannan ruwa mai kwanciya ciyawar kachala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa tare da laka, ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi, ta kuma zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi. Ruwa ya karkata zuwa mashigar Marma da tafkin Nguru yana mamaye ƙauyuka, yayin da wasu rassan kogin suka bushe, mutanen Gashuwa da Geidam da ke ƙasa kuma suka riƙa samun ƙasa da rabonsu. A shekarar 2000 aka sanya tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. A 2006 jihohi shida da ke kwarin, wato Kano da Jigawa da Bauchi da Yobe da Borno da Filato, suka amince a Damaturu da kafa asusun kula da shi. Duk da haka, kusan kowace damina al'ummomin Auyo da Haɗeja da Kirikasamma da Guri suna cikin fargabar ruwa.

Tafkin Chadi da haɗarin tsohon hoto

Misali na biyu ya nuna illar riƙe sakamakon bincike bayan zamani ya wuce shi. A farkon shekarun 1960 faɗin Tafkin Chadi ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Fari ya raba shi gida biyu a 1973, a tsakiyar shekarun 1980 kuma ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma na girmansa. Wani nazari na Jami'ar Wisconsin a 2001, tare da hotunan hukumar NASA, ya yaɗa wannan labari a duniya, har maganar cewa tafkin ya ƙafe da kashi 90 cikin ɗari ta zama abin da ake maimaitawa a kowane taro. A kanta aka dogara wajen farfaɗo da shirin Transaqua na janyo ruwa daga kwarin Kongo ta hanyar magudana mai tsawon kimanin kilomita 2,400, wanda aka ƙiyasta zai ci kusan dala biliyan 50, kuma taron ƙasa da ƙasa da aka yi a Abuja a Fabrairun 2018 ya mara masa baya.

Amma wani nazari da aka wallafa a 2020, wanda ya haɗa bayanan taurarin ɗan Adam iri-iri, ya nuna cewa tafkin bai ci gaba da ƙanƙancewa ba cikin shekara ashirin da suka gabace shi: ɓangaren kudu ya tsaya daram, ruwan da ke ajiye a ƙarƙashin ƙasa kuma yana ƙaruwa. Wani sashe na ruwan yana ɓoye ne a ƙarƙashin ciyayi, inda hoton sama ba ya ganinsa. Tarihi ma ya nuna cewa tafkin ya taɓa ƙanƙancewa a farkon ƙarni na 20 sannan ya dawo. Kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwan da koguna ke kawo masa daga Chari da Logone yake zuwa, don haka makomarsa tana rataye ne da damunar kudancin Chadi da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da arewacin Kamaru.

Wannan bai rage wahalar mutanen Baga da Diffa da Bol ba. Abin da ya sauya shi ne sunan matsalar: rashin tabbas kan inda bakin ruwa zai tsaya kowace shekara, a yankin da rikici ya hana masunci da manomi da makiyayi bin ruwa yadda kakanninsu suka saba. Maganin wannan ya bambanta da haƙa magudana daga Kongo, ya kuma fi shi araha.

Gurbin da ya rage: ma'auni, kuɗi da amana

Komai ƙarfin kwamfuta, ba ta wuce ingancin alƙaluman da aka ba ta. Hukumar Yanayi ta Duniya ta daɗe tana cewa tashoshin auna yanayi a Afirka ba su wuce kashi ɗaya cikin takwas na mafi ƙarancin abin da ake buƙata ba. Ma'aunan koguna da dama a Arewa sun daina aiki tun shekarun tsuke bakin aljihu, wasu kuma rashin tsaro ya hana a kai gare su. Bayanan da ake da su suna warwatse tsakanin Hukumar Hasashen Yanayi ta Ƙasa, wato NiMet, da Hukumar Kula da Harkokin Ruwa, wato NIHSA, da hukumomin raya koguna da ma'aikatun jihohi. Ɗalibin digiri na uku a Zariya ko Kano kan iske ya fi masa sauƙi ya sauke bayanan tauraron ɗan Adam daga Turai a kan ya samu tarihin ma'aunin kogin da ke bayan makarantarsu.

Ba a rasa tushen da za a ɗora a kai ba. Shirin WASCAL, wanda Jamus ke ɗaukar nauyinsa, yana horar da masu manyan digirori kan tsarin yanayin Afirka ta Yamma a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure, yana kuma da rassa a Minna da Yamai da Jamhuriyar Benin. Akwai Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Yankuna a Jami'ar Bayero, da Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Kaduna, da cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD a Yamai. Shirin FANFAR ya haɗa hukumar yanayi da ruwa ta Sweden da AGRHYMET da NIHSA wajen gina manhajar hasashen ambaliya ta yankin. Shirin TAHMO na Jami'ar Delft da ta Jihar Oregon yana kafa ƙananan tashoshi masu araha, galibi a makarantu. NiMet na fitar da hasashen damina kowace shekara, NIHSA kuma na fitar da na ambaliya.

Sai dai kusan dukkan manyan ayyukan binciken da aka ambata da kuɗin waje aka yi su, kuma wanda ya biya kuɗin kiɗa shi ke zaɓar waƙa. In wa'adin tallafi ya ƙare, na'urori kan lalace, ƙwararrun da aka horar kuma su nemi aiki a ƙasashen waje. Hasashen da ke cewa ƙananan hukumomi kaza suna cikin haɗari tsakanin Yuli da Satumba yana da amfani ga mai tsara kasafi, amma bai gaya wa mai kula da ƙofar madatsa ranar da zai buɗe ba, bai kuma gaya wa mai unguwa daren da zai tashi jama'arsa ba.

Kuɗi ma akwai su a wani mataki. Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL na jihohin Arewa 19 da Abuja a 2021, da wasu dala miliyan 500 a 2024 don inganta madatsu da ban ruwa. Gwamnatin Tarayya ta amince da Naira biliyan 80 don sake gina madatsar Alau. Tambayar da ta dace 'yan majalisa da 'yan jarida su riƙa yi ita ce: da waɗanne alƙaluman ruwan sama aka zana sabon ginin, na jiya ko na gobe?

Abin da ya kamata a yi

Mataki na farko shi ne dawo da ma'auni. Kafa da kula da tashoshin auna ruwan sama da na koguna a kwarin Haɗeja da Sakkwato-Rima da Gongola da Ngadda ba zai ci ko kaɗan daga abin da ambaliya ɗaya ke lashewa ba. Ya kamata bayanan su zama a buɗe ga kowace jami'a kyauta, tunda da kuɗin jama'a aka tara su.

Na biyu, kowace babbar madatsa ta samu rubutacciyar ƙa'idar tara ruwa da sakinsa, wadda aka sabunta da lissafin yanayin yau, aka kuma bayyana wa al'ummomin da ke ƙasa da ita. A haɗa kowace hukumar raya kogi da jami'ar da ke yankinta, ta yadda samfurin kwarin zai zauna a hannun masanan gida, ana gyara shi bayan kowace damina. Asusun TETFund na iya ware tallafin bincike na shekara goma don wannan, maimakon na shekara biyu da ke ƙarewa kafin a tara alƙaluman kirki.

Na uku, a sabunta ƙa'idojin zanen gadoji da kwalbatoci da magudanan birane, a kuma hana raba filaye a kan hanyar ruwa, domin ruwa ba ya manta hanyarsa. Yarjejeniyar musayar bayanai da Kamaru kan madatsar Lagdo, da Nijar kan kogunan da ƙasashen biyu suka haɗa, ta cancanci a riƙe ta da muhimmanci ko da dangantakar siyasa ta yi tsami.

Na huɗu, saƙon ya isa ga mai buƙatarsa cikin harshen da yake ji. Gargaɗin da ya tsaya a takardar Turanci a Abuja bai ceci kowa ba. Gidajen rediyo da masallatai da fadojin hakimai da ƙungiyoyin manoma da masunta su ne hanyar da labari ke bi a Arewa, kuma mutanen da ke bakin kogi suna da sanin da zai gyara lissafin masana in aka saurare su.

Masanan ba su yi alƙawarin sanin gaibu ba, kuma tarihin farin Sahel da na Tafkin Chadi ya nuna cewa suna kuskure, suna kuma gyarawa. Amma a kan abu ɗaya hujjojinsu sun haɗu: ruwan da zai riƙa sauka a Arewa zai fi na dā ƙarfi, tazarar da ke tsakanin saukarsa kuma za ta fi ta dā rashin tabbas. Madatsun Tiga da Challawa da Bakolori da Goronyo da Dadin Kowa suna nan da miliyoyin mutane a ƙasa da su, kuma kowace damina za ta gwada su. Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani. Mutanen Maiduguri da Mokwa sun riga sun biya farashin maganin.